Ƙafafun da Ermete Ya Ƙera

Yayana Nerio direban motar tsere ne. Mijina Ermete kuma shi ke zana ƙafafun motocin da Nerio ke tuƙawa, wato sifirin da ƙarafan da ke riƙe tayoyi. Ni Iride a tsakaninsu na yi rayuwata, gida ɗaya da tukunya ɗaya, a bayan garin Modena, cikin shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu. Nerio bai yi aure ba. Ɗakin sama nasa ne tun iyayenmu na da rai, mu kuma muna ƙasa.

Su biyun a garejin Maigida Benatti suke aiki. Tsohon rumbun ajiyar cuku ne aka mayar gareji, in aka kwana biyu ana ruwa sai warin ya taso daga bango. 'Yan motoci kaɗan suke ƙerawa a shekara, jajaye masu kujera biyu, 'ya'yan masu hali su saya su hau duwatsu su firgita iyayensu. Wadda ta fi lafiya a bar wa Nerio ya fita tsere da sunan garejin.

Ermete bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Siriri ne, da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Sau ɗaya Nerio ya ɗauke shi gwaji a hanyar dutse, tun kafin aurenmu, ya dawo da shi fuska fara fat, ya amayar da abincin ranarsa a cikin hularsa. Tun daga ranar suka raba aiki. Nerio ya tafi ya jiyo motar, Ermete ya tsaya a ƙofar gareji da fensir a bayan kunne yana jira.

Ni ke kai musu abincin rana, don haka na sha jin su.

"To, yaya take?" in ji Ermete.

"Gabanta ba laifi. Bayanta ne ba tarbiyya," in ji Nerio yana cire hular kwano. "In na shiga kwanar coci sai ta yi rawar matar mai burodi, ita ta yi dama, ƙugu ya yi hagu."

"Kafin ka taka totur ko bayan ka taka?"

"Bayan na taka mana, Injiniya. Kafin a taka ai kowace mota waliyya ce."

"Tana yi maka gargaɗi, ko kwatsam take zillewa?"

"Tana yi. A nan nake jin ta." Sai ya dafa ƙugunsa ta baya. "Da ka shiga ka ji da kanka, sai dai ba ni da hular ba ka aro."

Ermete ya yi murmushi, ya ƙara jero masa tambayoyi har taliyar ta huce. Daga nan ya je ya zare falle ɗaya a sifirin, ko ya ƙara, ko ya sake man shokozoba. Washegari motar ta bar rawa.

A wancan zamanin kowa ya yarda motar tsere sai ta yi tauri kamar katako. Tayoyin baya biyu a jikin sanda ɗaya suke, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma ta ji. Sifirin kuwa falle-fallen ƙarfe ne irin na keken doki, a ɗaure tamau don kada motar ta kwanta a kwana. Duk abin da hanya ta tanada, rami ko dutse ko layin dogo, ta cikin kujera yake bi ya shiga ƙashin bayan direba. Nerio ya fara wannan aiki gemu bai fito masa ba, ga shi yanzu furfura ta soma leƙowa.

Wata rana da kaka, an gama tsinkar inabi, na iso da kwandon abinci na tarar ya dawo daga gwaji ya kashe inji, amma bai fito ba. Yana zaune a motar yana zolayar makanikai, ya ce a ba shi taba, ya sha, ya ce a ƙaro. Ermete ya tsaya yana kallonsa. Can sai ya ce wa makanikan su je su ci abinci. Da suka watse ya sunkuya.

"Ba ka iya tashi ko?"

"Hutawa nake."

"Iride, kama wancan hannun."

Da muka ɗago shi bai yi ƙara ba, amma na ji haƙoransa suna gugar juna, rigarsa kuma ta jiƙe sharkaf. Ya ce kwana biyu ne kawai, sanyi ne ya shige shi. Ashe ya fi shekara yana kwana a kan daɓen ɗakinsa don gado ya gagare shi.

Mu biyu muka raka shi Bologna wurin likitan ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton ƙashin bayansa a jikin taga ya nuna mana da bakin alƙalami. Ƙasusuwan ƙasan baya sun cinye abin da ke tsakaninsu, suna cizon juna, jijiyar ƙafa kuma ta nan take wucewa.

"Wane aiki kake yi?" ya tambaya.

Nerio ya gaya masa.

"To, ka bar shi," in ji likitan. "In ka ƙi, wata rana za ka shiga motar nan da ƙafafunka, a fito da kai ba su."

A jirgin ƙasa muka dawo. Da muka kusa gida Nerio ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Duk wanda ya kai wa Benatti maganar nan, ba ni ba shi. Ko ke, Iride."

"Yaya, ka ji fa abin da mutumin nan ya ce."

"Na ji. Shi ya iya hoto, ni na iya mota. Me zan koma yi? Sayar da kankana?"

Ermete ya kau da kai. Yana ta kallon taga, yana murza fensir a hannu.

Hunturun nan kaf teburin cin abincina bai huta ba. Kowace Lahadi daga an taso coci sai Ermete ya shimfiɗa manyan takardunsa ya danne gefunansu da kofuna. In Nerio ya sauko sai ya nannaɗe su. Wata rana ina fige kaza ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in na gama in ba shi ƙashin ƙirjinta, mai baki biyu. Ya wanke shi, ya riƙe bakin biyu da yatsu yana ɗaga tsinin sama da ƙasa.

"Kin gani? Kowace taya a ba ta irin wannan guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta hau ta sauka ita kaɗai, ba ruwan 'yar'uwarta. Sifirin kuma naɗaɗɗe, mai laushi. Jikin motar ne zai yi tauri, ba ƙafar ba."

"Za ta yi gudu kuwa?"

"Ban sani ba," ya ce. "Abin da na sani, shekara da shekaru yayanki muke sawa yana yin aikin sifirin. Ni na zana su duka, Iride. Duk motar da ta ci bayansa, da hannuna na zana ta."

Maigida Benatti kuwa wani dalilin ya faɗa masa. Ya ce Turawan Ingila sun fara bin wannan hanya, kuma tayar da ke manne da ƙasa ta fi mai tsalle-tsalle riƙe hanya. Gaskiya ce, amma ba ita ta hana shi sukuni ba. Benatti ya yi ta gunaguni, daga baya ya ce a yi guda ɗaya a gani.

Da bazara ta shigo aka turo ta waje. Benatti mutum ne mai tumbi. Ya zagaya ta, ya ɗora hannu a bayanta ya danna, motar ta nutse ta taso a hankali. Makanikai suka kwashe da dariya.

"Ermete," in ji shi, "mota na ce ka ƙera mini ko gadon amarya?"

Nerio ma ya yi dariya. Ya shiga, ya tayar, ya nufi hanyar dutse. Muka tsaya muna jin kukan injin yana nisa har ya ɓace. Da ya dawo ya kashe ta, sai ya dafa gefen ƙofa ya miƙe tsaye cak, shi kaɗai, kamar saurayi. Na juya baya don kada a ga idona. Amma da na waiwayo na ga fuskarsa, sai murnar ta koma ciki.

"Yaya take?" in ji Ermete.

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Ba ta ce mini komai ba. Na bi ta kan ramin gada, ban san na bi ba. Na shiga kwana ta kwanta, na ce shi ke nan ta tafi, na ɗaga ƙafa, ashe tana riƙe. Kwana ta gaba ta sake kwantawa, na sake ɗagawa."

"Kada ka ɗaga. Kwanciyar nan ba zamewa ba ce, zama take yi a kan tayar."

"Ka gaya wa ƙafata," in ji Nerio. "Ni na ji."

Benatti ya dubi agogon da ke hannunsa, ya mayar aljihu. Kowa ya gane. Tsohuwar motar ta fi wannan sauri.

Ba zan ce Nerio bai yi ƙoƙari ba. Kullum da sassafe yake fita da ita, raɓa ba ta bushe ba, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko. Yakan dawo ba ciwo, har ya koma kwana a kan gado. Amma jikinsa ya riga ya koyi yare ɗaya tun yana yaro, sabuwar motar kuwa ba ta jin sa. Duk lokacin da ta karkata, ƙafarsa takan bar totur kafin kansa ya yi shawara. Ya fara rage magana. In Ermete ya tambaye shi sai ya ɗaga kafaɗa.

Ranar wata Lahadi na dafa taliya mai ƙunshin nama cikin romo, wadda ya fi so. Ya ci kaɗan ya ture kwanon.

"Ka ƙara mata tauri," ya ce wa Ermete. "Ka sa sifirin mai ƙarfi, ka ɗaure shokozoba. In na ji hanya zan ba ka gudu."

"Na ƙara sau biyu."

"Abin da ka ƙara ko jariri ba zai ji ba. Ka ninka."

"In na ninka ta koma tsohuwar."

"To, sai me? Tsohuwar ta taɓa ba ka kunya? Wai me ya sa ka kafe a kan katifar nan? Tunda nake da kai ban taɓa cewa ga abin da mota ke so ka yi mini gardama ba."

Ermete ya sunkuyar da kai yana juya cokali a romo. A hankali ya ce, "Bayan naka ya bar ciwo ko bai bari ba?"

Nerio ya dube shi, ya dube ni, ya sake dubansa.

"Au," ya ce. "Ashe haka ne. Ni ina can ina kashe kaina ina cewa na tsufa, na manta tuƙi. Ashe ba motar tsere ka ƙera ba. Keken guragu ka yi mini, ka shafa masa jan fenti."

"Yaya, don Allah."

"Ke ma kin sani ko? Ku biyu kuna zaune a nan ƙasa kuna jin tausayina."

"Motar tana da gudu, Nerio," in ji Ermete. "Na rantse tana da shi."

"To, shiga ka nuna mini."

Ya tashi ya hau sama. Muna jin takunsa a kan matakala, ɗaya bayan ɗaya.

Benatti ya gaji da jira. Ya kira wani mutumin Toscana mai suna Sauro, wanda ya yi shekaru yana tseren babur bai daɗe da komawa mota ba. Mai surutu ne, da gashin baki siriri da ɗankwalin siliki a wuya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce kyakkyawa ce, ya shiga. Shi da ya saba da babur, abin hawa ya kwanta a kwana ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Hawan farko ya wuce duk abin da Nerio ya taɓa yi a hanyar nan, da kowace mota.

Ya fito yana ihu. "Wa ya ƙera wannan? Ina yake? Zo nan in sumbace ka, mai tabarau!"

Ya rungume Ermete ya ɗaga shi sama. Makanikan da suka yi dariyar gadon amarya suna ta tafi. Nerio yana jingine da bango, hannu a harɗe. Ermete bai iya duban wajensa ba.

Benatti ba mugu ba ne. Ya ja Nerio gefe ya ce tseren hawan dutse na watan Yuni Sauro ne zai shiga da sabuwar, shi kuma ya zama babban mai gwaji, ba wanda zai taɓa matsayinsa.

"Ba ni tsohuwar," in ji Nerio.

"Me za ka yi da ita?"

"Abin da na saba yi. Mota biyu ta fi ɗaya, ko ba haka ba, Maigida?"

Benatti ya ce haka ne.

Da Ermete ya ji, ya zo gida ya zauna a bakin gado ya daɗe. Sannan ya ce mini zai je ya faɗa wa Benatti. Na ce Nerio ba zai yafe ba. Ya ce ya sani. Washegari ya shiga ofishin Benatti ya gaya masa duk abin da likita ya ce. Benatti ya aika aka kira Nerio. Makanikai sun ba ni labari daga baya: wai Nerio ya saurara har ƙarshe, sannan ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, ya miƙe, ya ɗauki taya da hannu ɗaya ya ɗora a kan tebur.

"Ga gurgun," ya ce. "Surukina tsoro yake kada tsohuwar ta kunyata sabuwar."

Watanni na sabuwar motar sun ba bayansa hutu, shi ya sa ya iya. Benatti ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce shi ba likita ba ne, Nerio kuma ba yaro ba ne.

Daga ranar Nerio bai ƙara yi wa Ermete magana ba. In zai ce a miƙo gishiri, ni yake gaya wa. Ermete duk da haka shi ya shirya tsohuwar motar da hannunsa, noti bayan noti. Nerio ya aiko ni.

"Ki gaya wa mijinki in ya zare mata ko falle ɗaya zan sani."

Bai zare ba. Abin da ya yi kawai, ya cusa gashin doki a ƙarƙashin fatar kujerar. Da safen tseren Nerio ya zauna, ya motsa, ya tashi, ya zaro shi ya jefar a kwata.

A tseren hawan dutse ɗaya bayan ɗaya ake sakin motoci daga gindin dutsen. Mu muna can ƙoli inda ake ƙarewa, cikin jama'a masu kwandunan burodi da kwalaben ruwan inabi. Daga nan ana hango kwanoni na ƙarshe. Sauro ne ya fara isowa. Motarsa ta bi kwanonin nan sumul kamar ruwa a kwararo, har wasu suka ce bai yi gudu ba, sai da aka faɗi lokacinsa.

Nerio kuwa tun bai bayyana ba aka san shi ne. Ya ɓullo bayan motar na tsalle, tsakuwa na tashi, yana kokawa da sitiyari, a kowace kwana tayar baya tana leƙa bakin rami tana dawowa. Jama'a suka miƙe suna kiran sunansa. Wani tsoho kusa da ni ya cire hula yana bugun ƙirji yana cewa wannan shi ne tuƙi. Ermete ya riƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Duk tsallen da motar ta yi sai na ji ya ƙara matsewa.

Nerio bai taɓa hawan dutsen nan da sauri kamar ranar ba. Duk da haka Sauro ya riga shi, da tazara mai yawa.

Nerio ya tsaya a gefe ya kashe inji. Mutane suka yanyame shi suna dukan kafaɗarsa, yana murmushi yana amsawa. Na kutsa na isa gare shi. Ya jawo ni kusa.

"Iride, taɓa mini gwiwa."

"Ai hannuna na kai, Yaya."

Ya dubi hannun nawa a kan gwiwarsa. "To," ya ce.

An yi masa aiki a Bologna. Ya yi watanni a kwance, har kaka ta wuce. Ƙafar dama ta dawo, ta hagu ta dawo rabi, yana jan ta. Da sanduna biyu ya koma gida. Muka ba shi ɗakinmu na ƙasa muka koma sama. Ermete ne ya sauko masa da kayansa, ya kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki. Nerio ya ce mini in ce an gode.

Sabuwar motar ta ci tsere bayan tsere. Masu saye suka yi layi, har wani ɗan jarida ya zo daga Milano ya kwanta a ƙasa yana ɗaukar hoton ƙafafunta. Ermete bai ajiye jaridar ba. Da na tambaye shi ya ce ya naɗe kifi da ita.

Aikin ma ya daina yi masa daɗi. In Sauro ya dawo gwaji ya tambaye shi yaya take, amsa biyu gare shi: ko "Lafiya lau!" ko "Yau ba ta da daɗi." A wace kwana, kafin birki ko bayansa, gaba ko baya, sai ya buɗe hannu ya ce shi direba ne, ba boka ba. Motar da suka fitar shekara ta gaba ta zo da wata matsala a manyan kwanoni, Sauro ya kasa faɗin ko mece ce, Ermete ya yi ta lalube.

Wata rana da yamma Sauro ya zo gidanmu da kwalba a hannu, wai gaisuwa. Nerio na zaune a tsakar gida a ƙarƙashin inabi. Na ɗauka zai kore shi. Sai na ji yana yi masa tambayoyi.

"A ina take fara yi? Kana kan totur ko ka saki? Sitiyarin yana yin nauyi ko yana sakin hannunka? Kai, zauna ka tuna, ba a kan jaki kake ba."

Ya tatse shi tas. Rabona da ganin idonsa da haske haka tun kafin tseren. Da Sauro ya tafi ya kira ni.

"Ki gaya wa mijinki bayan ne. Ya ɗaure shi, ya sauke shi kaɗan. Za ta daina."

Na gaya masa. Ermete ya ce zai gwada. Ya kuwa gwada, yadda aka ce ɗin. Motar ta ƙara lalacewa, saura kaɗan Sauro ya shiga gonar mutane da ita. Maganin tsofaffin motoci ne, wannan kuwa wata halitta ce daban.

Da Ermete ya dawo gida ya tsaya a ƙofar ɗakin Nerio, hula a hannu.

"Ta gyaru," ya ce. "Na gode."

Nerio ya dube shi. Ermete ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya hau sama. Na shiga da ruwan zafi zan gasa wa Nerio ƙafa.

"Ba ta gyaru ba," ya ce.

"Ai ka ji abin da ya ce."

"Mijinki bai iya ƙarya ba. Da ta gyaru da yanzu yana nan zaune yana damuna da tambaya." Ya juya fuska bango. "Na daina sanin mota, Iride. Shi ke nan."

Kafin hunturu ya ce a kai shi ƙauyen mahaifiyarmu a kan dutse, inda muke da tsohon gida ba kowa a ciki. Na yi roƙo, na yi faɗa, na ce wa zai dafa masa, wa zai ɗebo masa itace. Ya ce matar maƙwabci za ta yi. Ya ce a nan duk safiya yana jin ana tayar da inji a garejin, kunnensa kuma ya ƙi tsufa.

Garejin ma bai daɗe ba. Turawan Ingila suka zo da ƙananan motoci masu inji a baya, marasa nauyi, suka share kowa. Sauro ya koma wani kamfanin, Benatti ya rufe ƙofa ya tafi wurin 'yarsa. Ermete ya sami aiki a masana'antar tarakta, yana fita da safe yana dawowa da yamma, bai ƙara shimfiɗa takarda a teburina ba.

Duk wata nakan hau bas in kai wa Nerio cuku da wankakkun kaya. Ermete kan raka ni tasha ya juya. Sai wata kaka na dawo na ce masa rufin ɗakin Yaya na yoyo, har ya ja gadonsa tsakiyar ɗaki, ƙanƙara kuma ta kusa. Da Lahadi ta zagayo ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya biyo ni.

Nerio na zaune a ƙofa da bargo a cinya. Ya ga Ermete, bai ce zo ba, bai ce tafi ba. Ermete ya aro tsani a maƙwabta ya jingina. Ƙasar wurin gangare ce, tsanin na girgiɗi. Yana taka matakin farko sai Nerio ya yunƙura da sandunansa, ya ja ƙafa ya zo ya jingina ƙirjinsa da tsanin, ya danne shi da nauyinsa.

Ermete ya hau, ya fara ɗaga fale-falen rufin yana dubawa.

"Ba nan ba," in ji Nerio. "Hagu. Kusa da bututun hayaƙi."

"Nan?"

"Ƙara kaɗan. Yauwa. Biyu ne suka tsage."

Ya canja su, ya sauko. Na zuba musu miyar wake, suka ci. Ermete ya ce itacen da aka tara ba zai kai bazara ba, Nerio ya ce zai kai. Ba wanda ya ambaci mota. Da bas ɗin yamma ya yi ƙaho a dandali muka tashi, Nerio ya ce mu gaida gida.

Bayan Kirsimeti sanyi ya kama masa ƙirji. Hanya ta toshe da ƙanƙara, saƙon matar maƙwabci bai iso mu da wuri ba. Da muka isa ya riga ya cika, an yi masa wanka, an sa masa baƙar kwat ɗinsa, kyandir na ci a gefen gado.